Kai Kudu, Fuska Gabas

Duk sanda masu gyaran titi suka fara fasa kwalta a ƙarƙashin tagata, nan unguwar University Heights a ƙasar Turawa, sai kunnena ya koma makabartar garinmu. Ƙarar ba iri ɗaya ba ce ko kusa, amma tsufa ba ya neman dogon dalili kafin ya ɗauke mutum ya mayar da shi gida. A garinmu in aka yi rasuwa, kafin kukan mata ya gama zagaya unguwa za ka ji diga da shebur suna karo a kafaɗar samari, an nufi bayan gari. Ba a aika wa kowa. Masaƙi ya ajiye saƙa, mai shirin gona ya juya, mai shayi ya bar wa ƙaninsa tebur. Wani dattijo zai fito daga gidan rasuwar riƙe da karan dawa wanda aka auna tsawon mamacin da shi, ya miƙa wa wanda ya fi kusa, shi ke nan an ba mu aiki. Ina cikin samarin nan, kuma ina ji da kaina a aikin, don ba kowa ne ake bari ya shiga ya fitar da ɗan kabari ba, wato ƙaramin ramin nan na ciki inda ake kwantar da mutum a gefensa na dama. Ni ana barina.

Wanda ya koya mana wani tsoho ne, Baba Tanko, gajere mai faɗa, wanda bai taɓa yabon aikin kowa ba. In ka yi daidai sai ya yi shiru, in ka karkace sai ya ce ko karen gidansu ya fi ka ido. Da mun isa zai tsaya ya dubi sama, ya dubi inuwarsa, ya shimfiɗa karan a ƙasa, ya ja layi da ɗan yatsan ƙafa, ya ce, “Kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas. Wanda ya manta ya koma gida ya taya mata daka.” Kullum sai ya faɗa, har muka riƙa kwaikwayonsa a bayan idonsa. Fili kuwa ga shi nan har inda ido ya tsaya. Ba a sayen kabari, ba a ajiye wa kowa wuri, ba a rubuta suna. A jera itatuwa, a toshe da fasassun tukwane da ganye, a kwaɓa ƙasa a shafe, a tara tudu, a yi addu'a, a watse. Bayan damina kaɗan tudun ya kwanta, ciyawa ta rufe, awaki su bi ta kai. Ban taɓa jin wani ya kwana da tunanin inda za a binne shi ba, kamar yadda ban taɓa jin wani ya damu da inda zai sami iskar shaƙa ba.

Kalmar gabas ɗin nan, a bakinmu ba wajen fitowar rana kaɗai take nufi ba. Malamai ne ke cewa alƙibla, mu kuwa gabas muke cewa. In aka ce wane ba ya duban gabas, an gama da shi ke nan, ba ya salla. Baƙo ya sauka gidanka, kafin ya tambayi makewayi zai ce ina ne gabas. Rago za a yanka, a dubar da shi gabas. Kuma abin ya zo mana da sauƙi, don inda rana ke fitowa can Makka take, yaro ma ya sani. Ban taɓa zaton abubuwa biyu ne aka sa wa suna ɗaya ba.

Sau ɗaya tak na ga Baba Tanko ya ja layinsa a wata fuska daban. Wata damina ce, wata babbar mota mai ɗaukar gyaɗa ta lalace a bakin kasuwarmu, direban da abokin aikinsa suka yi kwanaki suna jiran kayan gyara. Mutanen kudu ne, Kiristoci. Zazzaɓi ya kama abokin aikin, kafin a ankara ya cika a rumfar mai shayi. Garinmu ba coci, ba makabartar Kirista, hanya kuma ruwa ya cinye. Direban ya zauna a gindin taya yana kuka kamar yaro. Dattawa suka taru a ƙofar mai unguwa, wasu na cewa ba a haɗa su da namu, wasu na cewa to a bar shi a rumfa ya kumbura ne? Aka daɗe ana ja, daga ƙarshe mai unguwa ya ce a ba shi wuri a gefe, bayan kukar da ke iyakar makabarta. Muka ɗauki diga muka tafi, ba don muna so ba. Baba Tanko ya shimfiɗa kara zai ja layi, sai ya tsaya, ya sa aka kira direban, ya ce a tambaye shi yadda suke kwantar da nasu. Direban ya nuna da hannu, da guntuwar Hausarsa: a rigingine, kai yamma, ƙafa wajen fitowar rana, don ranar tashi in mutum ya miƙe zaune ya sami kansa yana kallon gabas. Baba Tanko ya sosa gemu, ya ce, “Ikon Allah. Ashe su ma gabas suke nema.” Ya juya karan ya ja layi a gicciye. Ni na haƙa rabin ramin nan, ina haƙawa jikina na gaya mini na yi kuskure, kamar wanda ya sa takalmin hagu a dama. Muka binne baƙon, direban ya yi waƙarsa shi kaɗai, muka tsaya nesa kaɗan har ya gama. Shekaru suka bi ta kan abin, na manta da shi sarai.

Da wannan aikin na yi wa Hajiya burga lokacin da nake nemanta. Sauran samari na zuwa zance da labarin keke da agogo, ni ina zuwa da labarin kabari, har ta ce ita ba ta taɓa ganin mai neman aure da ke zuwa da tsoratarwa ba. Duk da haka ta aure ni. Na riga ta zuwa ƙasar nan, na yi tuƙin tasi har gwiwoyina suka ce sun gaji, ta biyo ni daga baya, ta yi aikin kula da tsofaffi a gidajensu, muka haifi na haifa, muka aurar da na aurarwa. Ranar da muka tare a gidan nan limamin masallacinmu na lokacin ya zo ya nuna mana kusurwar da ke tsakanin taga da ƙarfen ɗumama ɗaki, ya ce nan za mu riƙa duba. Shi ke nan kusurwar ta zama gabas. “Ɗauke takalminka daga gabas,” in ji Hajiya ga yara. “Wa ya jingina tsintsiya a gabas?” Ni a gaba, ita a bayana, haka muka yi ta salla a kusurwar nan har gashinmu ya yi fari. Abin dariya, ni da na san kowane titi mai East da mai West a garin nan, na sauke fasinja a East Fordham Road ya fi a ƙirga, ban taɓa haɗa wannan East ɗin da gabas ɗinmu a raina ba. Wancan sunan titi ne, wannan kuwa wajen salla.

A nan na fara sanin cewa mutum na iya mutuwa ya rasa wurin kwanciya. Da farko in namu ya rasu gida ake kai shi, a yi karo-karo a sa a jirgi. Da 'ya'ya suka yi yawa, mutane suka fara cewa a bar su kusa da zuriyarsu, sai ƙungiyarmu ta Hausawa, ta 'yan Nijeriya da Nijar da Gana, ta sami wani yanki a makabartar Musulmi can tsallaken kogi. Muka ɗauka ya ishe mu har jikoki. Ashe ba mu kaɗai ke mutuwa ba, ga Larabawa, ga 'yan Bangaladash, ga 'yan Senegal, kowa na tururuwa wuri guda, kafin mu farga aka ce ya cika. Aka nemi fili a wani ƙauye can sama, mutanen wurin suka ce ba sa so, wai za mu ɓata musu ruwan rijiya. A cikin gari kuwa ba a maganar sabuwar makabarta, masu rai ma a saman juna suke kwana. Har na ji ana cewa wasu wuraren mutum biyu ake jerawa a rami ɗaya, wani a kan wani, kamar gadon 'yan makarantar kwana. Nakan zauna bayan sallar Juma'a ina jin dattawa na tattauna wannan, kaina ya ɗaure. Ƙasar da za ka yi tuƙin yini guda ba ka ga ƙarshen dajinta ba, a ce babu inda za a shimfiɗa karan dawa ɗaya?

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ɗanjuma, mutumin zangon Kumasi ne, mai shagon kayan abinci, mutum mai ƙoƙari da saurin baki. Shi ya zo mana da albishir wata rana cewa an samu. Wata tsohuwar makabartar Kirista a Staten Island, gaba da Port Richmond, ta yarda ta yanka mana layi ɗaya a gefe, jikin shinge. Wani ya ce, “Alhaji, ka dai tambayi maganar gabas?” Ya ce, “Haba! Sau biyu na tambayi baturen a waya. Na ce mu mutanenmu dole ya kalli east. Ya ce no problem, duka kabari a nan east yake kallo tun kakanninsa.” Muka yi kabbara, har wani ya ce ka ga ikon Allah, an tanadar mana tun kafin mu zo. Ina zaune a wurin, na yi kabbarar tare da kowa, kuma ko kusa baƙon nan na bayan kuka bai faɗo mini a rai ba.

Ba a jima ba ciwon Hajiya ya tashi. Wata la'asar a asibiti, bayan likita ya gama zagaye-zagayen maganarsa ya fita, na jawo kujera kusa da ita na ce, “Hajiya, in ta Allah ta kasance, in kai ki gida?”

Ta dube ni da idon nan nata na raini mai daɗi, ta ce, “Malam, wa ya rage mini a Arewa? Iyayena sun tafi, gidanmu an sayar an yi shaguna. 'Ya'yana suna nan, jikokina suna nan. A kai ni can in kwanta wa zai zo ya yi mini sallama? Ƙasa duk ta Allah ce.” Ta huta kaɗan, ta kama hannuna. “Abu ɗaya dai. Ka tabbatar an dubar da ni gabas. Kada ka bar wa yaran nan, su waya za su tambaya. Kai ka cika mini kunne da kai kudu, ƙafa arewa tun ina budurwa, to ga ranar aikinka ta zo.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, in dai wannan ne an gama. Na faɗa da ƙarfin zuciya, don a duk abin da ƙasar nan ta ƙwace mini, wannan ɗaya ne nake ganin ba ta taɓa ba.

Ita ce ta fara rasuwa bayan an sami wurin. Mata suka yi mata wanka a gidan shirya gawa, suka kwantar da ita a gefenta na dama cikin akwatin katako, suka tokare bayanta yadda ba za ta juya ba, don a nan sai da akwati. Aka yi mata salla a masallaci, muka ɗauki hanya, mota bayan mota, muka haye gada. Ranar gari ya yi lumshi, sama fara fat kamar an shafa alli, ba ka ce ga inda rana take ba. A ƙofar makabartar muka tarar da wasu Indiyawa cikin fararen kaya suna tsaye cirko-cirko gefen wani gini mai dogon bututun hayaƙi. Wani tsoho a cikinsu, sa'ana, ya ga akwatinmu ya haɗa tafukansa ya sunkuyar da kai. Da muka tsaya jiran a buɗe mana hanya ya matso ya ce mini ƙaninsa ne ya rasu, kwana da kwanaki suna jiran layin ƙonawa, wuraren kaɗan ne, mutane da yawa. Ya ce a garinsu bakin kogi ake kai mutum tun ranar, babban ɗa ya kunna wutar da hannunsa, a nan kuwa maɓalli aka nuna wa ɗan mamacin ya danna. Da a ce a gida wani ya ba ni labarin ƙona gawa da na toshe kunne. Ranar kuwa sai na sami kaina ina gyaɗa masa kai, don na gane irin kallon da ke idonsa.

Muka ratsa ta cikin duwatsu masu gicciye da mala'ikun siminti har jikin shinge. Inji ya riga ya haƙa ramin, gefensa a miƙe sumul, an shimfiɗa wani koren abu mai kamar darduma a kan ƙasar da aka fitar, don kada ido ya ga ƙasa. Ba ɗan kabari, ba itace, ba tukunya. Wannan duk na san da shi, na shirya masa. Abin da ban shirya masa ba shi ne da na tsaya a bakin ramin na ɗaga ido na ga ya bi sahun sauran kaburburan sak, dutsen kowa a kansa, duk sun miƙe fuska guda. Sai ƙafata ta tuna abin da kaina ya manta. Na ga kukar nan, na ga direban yana nuni da hannu, na ji muryar Baba Tanko. Baturen bai yi ƙarya ba, Alhaji Ɗanjuma ma bai yi ba. Kabarinsu gabas yake kallo, amma irin kallonsu, kai yamma, ƙafa gabas. In aka saka Hajiya a haka, a gefenta na dama, kudu za ta duba.

Na ce, “Ku dakata.” Ma'aikatan sun riga sun ɗora akwatin a kan igiyoyin saukarwa. Na ce, “Ramin nan a gicciye yake.”

Alhaji Ɗanjuma ya matso yana share zufa cikin sanyin nan. Mutanen Kumasi ba ruwansu da mace ko namiji a magana, ya ce, “Malam, wane irin gicciye? Hajiya zai kalli east, baturen ya rantse mini.” Na yi masa bayani, na ga fuskarsa ta zube, har ya ba ni tausayi. Isufu, wani Bamaraɗe mai sayar da huluna a Fordham Road, ya zaro salularsa ya ɗora a tafin hannu, ya ce, “Ku tsaya ku gani, ga alƙibla nan, can wajen bututun hayaƙin ta nuna. Huskar Hajiya can ya kamata ta duba.” Wani ya zaro tasa, ta nuna wajen shinge. Ta ukun ta yi ta juyi kamar mai hajijiya, aka ce ƙarfen injin ne ke ruɗa ta. Na ɗaga kai in nemi rana, babu. Na dubi ƙasa in nemi inuwata, babu. Ban taɓa jin kaina tsirara a gaban mutane kamar lokacin ba.

Limaminmu na yanzu yaro ne mai karatu da sanyin hali. Ya ja ni gefe ya ce, “Baba, ko da an haƙa shi yadda kuke yi a gida, ba zai zama daidai ba. A garin nan alƙibla ba gabas take ba, tana tsakanin gabas da arewa.” Na ce, “Malam, Makka ce ta tashi ta koma arewa?” Ya ce a'a, duniya ce a dunƙule, hanya mafi kusa ta sama take bi. Na ce to kusurwar ɗakina fa, da na yi shekara da shekaru ina duba? Ya ce daidai take, ita ce alƙibla, gabas ce dai ba ita ba. Na tsaya ina kallon bakinsa. Kowace kalma na ji ta, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana.

Aka kira mai kula da wurin, wani bature mai ladabi. Muka roƙa a sake haƙawa a karkace. Ya ce ba shi da iko, kowane wuri an auna shi an yanka, in aka karkata ɗaya zai shiga na maƙwabci, ga wani kwance a gefen arewa tun shekarun baya, kuma sauya tsarin layin sai an zauna an nemi izini, abin makonni. Makonni, Hajiya na cikin firji? Autarmu, wadda ta tsaya can wajen motoci tare da mata, abin da a gida ko a mafarki ba za a yi ba, ta taho ta riƙe hannun rigata tana kuka tana cewa, “Daddy, please.” Tana jin Hausa sarai, amsawa ce sai da Turanci. Kowa ni yake kallo, ni da aka ce na san aikin.

Liman ne ya ce, “Baba, lalura ce, Allah kuma ya ga niyya. Mu juya akwatin, kai ya koma inda suke sa ƙafa. In aka yi haka za ta dubi arewa, kuma arewa ta fi kudu kusa da alƙibla a nan.” Sai na kama hannun akwatin ta wajen kai. 'Ya'yana maza suka kama, Isufu da Alhaji Ɗanjuma suka kama, muka ɗaga ta muka juya a hankali, ma'aikatan na kallonmu suna kallon juna. Ɗayansu ya tambaya to dutsen suna fa, a ƙafa za a sa ko a kai? Igiya ta sauke ta, ban shiga rami ba, ban taɓa kafaɗarta na gyara mata kwanciya ba. Na ɗebi ƙasa daga ƙarƙashin koren abin nan na zuba, a raina ina jera abin da muka yi: kai gabas, ƙafa yamma, fuska arewa. Da Baba Tanko na nan da ya kore ni in je in taya mata daka. Ko kuwa da ya sosa gemu ya ce ikon Allah? Wallahi ban sani ba.

Bayan an share makoki na sami abin da na riƙa lallashin kaina da shi. Na ce to, ta ƙi a kai ta Arewa, ga shi Allah ya dubar da ita Arewa, tana kallon gida. Na faɗa wa Auta haka wata rana muna cin abinci, ina jin daɗin maganar. Yarinyar nan ta ajiye cokali, ta ɗauko lemo daga kwando, ta dangwala masa biro nan da can, ta ce mini arewar nan Kanada ce, garinmu yana ta can ƙasa, wajen kudu maso gabas. Da ta ga fuskata ta yi da-na-sanin faɗa, ta ɓare lemon ta ba ni rabi. Na ci, me zan yi. Gabas ba gabas ba, Arewa ba arewa ba, ni kuwa ga ni a tsakiya da alkawari a hannu, ban san ko na cika shi ko na saɓa ba. Na tambayi malamai, kowa ya ce babu laifi a kanta, babu a kaina. Na yarda da su. Amma ba malamai na yi wa alkawarin ba.

Daga baya ƙungiya ta zauna da masu makabartar, aka ce layin zai zauna yadda yake, duk wanda ya biyo baya a juya shi kamar yadda aka juya Hajiya. Wurin da ke jikinta ta kudu, wato bayanta, har yanzu ba kowa. Na sami Alhaji Ɗanjuma a shagonsa na ce ya ajiye mini shi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, “Malam, wallahi da nawa ne na ba ka. Amma layin gajere ne, mutane da yawa. An yi doka ba a ajiye wa kowa, wanda Allah ya kira shi ne next.” Ban yi fushi ba, ai mu ma a gida ba ma ajiyewa. Sai dai tun ranar, in aka sanar a masallaci cewa wane na asibiti, ba wanda ya kai ni ƙarfin amin. Har gida nake bin marar lafiya da addu'a da 'ya'yan itace, mutane na cewa Malam akwai zumunci. Ni kuwa in na dawo na zauna sai in rasa gane abin da na roƙa, tsawon kwana gare shi ko gajarta gare ni.

Ina zuwa wurinta in Auta ta sami sarari ta kai ni. Hayaƙi na tashi daga bututun nan wasu ranaku, wata tsohuwa kuma na zuwa da furanni wurin maƙwabcin Hajiya na arewa, mukan gaisa da kai. In na yi sallama na yi addu'a, sai in koma in tsaya a kan ciyawar nan da ba kowa, in juya in dubi inda take duba: gicciye, gicciye, shinge, bututu, sai sama. Shekara da shekaru tana tsaye a bayana a kusurwar ɗakin nan, duk inda na duba nan take duba, ba ta taɓa cewa Malam ka tabbata ba. Ran nan na gaya mata, da ƙarfi har Auta ta waiwayo daga mota. Na ce, “Hajiya, gabas ta ɓace mini, ban san inda na dubar da ke ba. Ki dai riƙe mini wurin nan. In na zo ni zan tsaya a baya, duk inda kika duba nan zan duba.”